Gwanjon Tattabarun Odiel

Talata ce ranar Marleen a ƙauyen. Da ƙarfe tara take buɗe ɗan ɗakin nan da ke bayan zauren coci, ta kunna hita, ta jera takardun asusun inshorar lafiya a kan tebur, ta zauna jiran jama'a. Shekara goma sha tara ke nan tana wakiltar asusun a ƙauyuka huɗu. Mata ne ke zuwa, su kawo rasiɗin likita su haɗa da gulma. Maza kuwa sai matar ta mutu, a hakan ma sai sun leƙa hagu sun leƙa dama kafin su shigo, kamar masu zuwa satar kaji.

Shi ya sa ta ɗaga gira da ta ga Firmin Dewulf ya banko ƙofa ko sallama babu. Dattijo ne ɗan shekara saba'in da bakwai, tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa, kullum da laktaye da gashin baki a murɗe, ga wata doguwar baƙar mota da yake wankewa sau uku a mako. Ya buga wata takarda rawaya a kan teburinta.

"Marleen, kin ga wannan abin kunyar?"

Sanarwar gwanjo ce. Za a sayar da dukan tattabarun tseren Odiel Callewaert, su arba'in da shida, ranar Lahadi da ƙarfe biyu a mashayar Zulma.

Duk ƙauyen an san tsakanin Firmin da Odiel. Shekara hamsin suna tsere. Kowace Asabar a lokacin bazara a zuba tattabaru a kwanduna, babbar mota ta kai su can cikin Faransa, Lahadi da safe a sake su, wanda tasa ta riga isowa gida shi ya ci. Sau tara cikin goma na Odiel ne ke rigayawa, kuma a tsawon shekarun nan ba a taɓa jin kalmar alheri ɗaya game da shi a bakin Firmin ba.

"To kai ba sai ka yi murna ba?" in ji Marleen. "Ka huta da shan kaye."

"Murna? Murnar me? Mu tara muka rage a ƙungiyar masu tseren tattabaru, yaran yanzu ba su san komai ba sai latsa waya. In wannan tsohon mai taurin kai ya fita, wa zan kayar? A sama nake so in ga bayansa, ba a teburin gwanjo ba."

"Me ya yi zafi haka?"

"Gwiwa. Za a yi masa aiki ƙarshen wata. Asibiti sun ba shi takardar abin da zai biya, ya duba sau ɗaya ya wuce wajen mai buga sanarwa. Ke ce mai takardu, ki yi wani abu. Kuma kada ki ce ni na aiko ki."

Da la'asar Marleen ta ajiye motarta a bakin coci ta taka da ƙafa, ta bi ta lungun bayan gidaje. Ta san mutanenta. Da ta tsaya a ƙofar gaba da jakar ofis a hannu, da kafin ta danna ƙararrawa labule goma sun motsa a layin.

Ta sami Odiel a filin da ke bayan gidansa zaune a kan bokitin da ya kife, ƙafar dama a miƙe, yana kallon ɗakin tattabarun da ke saman rumfar kwal. Tsani mai taki goma sha ɗaya ne ke kai mutum can. Yanzu sau ɗaya yake iya hawa a rana, da baya da baya, yana ja da mazaunai. Tun yana ɗan shekara goma sha huɗu ya shiga masaƙa, bai fito ba sai da aka rufe ta. Matarsa Godelieve ta rasu shekara huɗu da suka wuce, kuma ita ce mai kula da duk wata takarda a gidan.

"A'a, ɗiyar Cyriel ce? Wa ya mutu?"

"Ba wanda ya mutu, Baba Odiel. Kofi na zo sha."

"Ƙarya kike, amma shigo."

Sai da ta sha kofi biyu da biskit ɗaya, ta saurari tarihin wani shuɗin namijin tattabara mai suna Saje tun daga kakansa, sannan ya yarda ya zaro takardar asibitin daga bayan agogon bango. Yuro dubu huɗu da ɗari uku. Marleen ta bi layukan da yatsa har ta iso inda take zargi.

"Baba Odiel, wa ya ce ka zaɓi ɗakin mutum ɗaya? Ka san da zarar ka ce kai kaɗai, likitoci na da damar ninka kuɗinsu, kuma asusu ba ya biyan ƙarin?"

Dattijon ya shiga gyaran murfin gwangwanin sukari. Da ƙyar maganar ta fito. Ashe ranar da ya je yin rajista, matar mai gidan burodi ce a bayansa a layi. Da ma'aikaciyar ta tambaya, ɗakin mutum ɗaya ko na mutum biyu, sai ya tuna mijin wannan matar a ɗaki shi kaɗai ya kwanta bara, har da furanni a taga, kuma ba wanda bai ji labarin ba. Sai kawai ya ji bakinsa ya ce ɗaya, da ƙarfi kuwa, yadda na ƙarshen layi ma zai ji.

Marleen ta rasa dariya za ta yi ko kuka. Kai, girman kai dai bai yi ba! Tattabaru arba'in da shida za su tafi saboda kunnen matar mai burodi.

"Wannan mai sauƙi ne," ta ce. "Ka sa hannu a nan, a mai da kai ɗakin mutum biyu."

"Wannan na yarda. A soja mu arba'in muka kwana ɗaki ɗaya, ban mutu ba. Nawa ya rage?"

"Wajen dubu ɗaya da ɗari biyar. Sai kuma kuɗin mai yi maka gashin ƙafa na wata huɗu, da magani, da nas mai zuwa gida."

"To kin gani. Jana'izar Godelieve da rufin gidan nan sun cinye abin da muka tara. Gwanjo dai na nan."

"Nuna mini takardar fanshonka."

Kallo ɗaya ta yi mata ta ga ƙarshen zancen. Abin da yake karɓa a wata bai ko kusanci iyakar da doka ta sa ba. Akwai rangwame na musamman da asusu ke yi wa masu ƙaramin ƙarfi: asibiti, likita, magani, mai gashi, duk su sauko ƙasa warwas. Da shi, aikin ba zai ci masa fiye da 'yan ɗaruruwa ba, su ma a biya kaɗan-kaɗan. Tun ranar da matarsa ta rasu ya cancanta. Abin da ake bukata kawai ya sa hannu a takarda ɗaya, ya rantse da mutuncinsa cewa abin da yake samu ke nan.

Ta yi masa bayani dalla-dalla, ta tura masa takardar da biro. Ya dube ta kamar ta ajiye masa mushen ɓera a kan tebur.

"Takardar talakawa ke nan."

"Ba sunanta ke nan ba."

"Haka ake kiranta a mashayar Zulma. Ke yarinya, ubana ya yi yunwar yaƙi bai miƙa hannu ba. Ni in rubuta da hannuna, in rantse cewa ni matsiyaci ne? In shiga mashaya ranar Asabar ni kaɗai mai cin sadaka a cikin maza tara? Firmin ya ji? Gara in sayar da su in mutu da hulata a kaina."

"Ba sadaka ba ce. Shekara sittin da biyar kana zuba kuɗi a asusun nan, ana yi wa wasu magani da su. Ranar tsere ba kowa ke zuba nasa a faranti ba, wanda rabonsa ya zo ya kwashe? Ka taɓa jin an kira shi maroƙi?"

"Wancan tattabarata ce ta ciyo mini da fiffikenta. Wannan kuwa gurguwar ƙafa ce za ta ciyo. Ɗauki takardarki, ɗiyar Cyriel. Ki gai da gida."

A lungu Marleen ta tsaya ta dafe bango don takaici. Abin da ke cin ta shi ne ta san abin da shi bai sani ba. A cikin maza taran nan na ƙungiya, biyar suna da wannan rangwame. Ita ta cike musu takardun da hannunta, ɗaya bayan ɗaya, kowanne ya sa ta rantse ba za ta faɗa ba, kowanne yana zaton shi kaɗai ne. Sannan ranar Asabar su haɗu su yi ta yi wa takardar talakawa ba'a, wanda ya fi kowa ɗaga murya kuwa shi ne Firmin, da ya shekara shida a kanta. Magana ɗaya za ta warware komai, amma ba ta da ikon furta ta. Sirrin mutane shi ne jarin aikinta, ranar da ta fasa na mutum ɗaya ba mai sake zama a gabanta.

Ranar Alhamis ta sami Firmin a ƙofar gidansa yana wanke mota.

"Ya ƙi," ta ce. "Gani yake shi kaɗai ne zai zama mai takardar a cikinku."

Firmin ya ci gaba da goge gilashin da ya riga ya goge. "To sai me?"

"Sai dai kawai na faɗa maka abin da ya ce."

Ya juyo, fuskarsa ta yi ja har kunne. "Marleen, kin rantse mini."

"Na rantse, kuma ko za a yanka ni ba zan karya ba. Bakina a ɗinke yake. Naka ne ba a ɗinke ba."

"Ki ce in tsaya gaban Odiel Callewaert in kwance wa kaina zani? Mutumin da ya shekara hamsin yana mini dariya? Ashe ba ki da hankali. Matsa kada in jiƙa ki."

Ta matsa. A hanyar gida ta zagi kanta, ta zagi maza, ta zagi tattabaru da wanda ya fara kiwonsu. Amma ranar Lahadi da ta gama abincin rana sai ta ga hannunta ya saka takardar nan da biro a jaka.

Mashayar Zulma ta cika maƙil, har da mutane a tsaye a bakin ƙofa. Sunan Odiel ya yi nisa a harkar, don haka dillalai sun zo daga birnin Antwerpen, har da wani dogo daga ƙetaren iyaka mai jakar fata da agogon zinariya. An jera kwanduna a kan teburin wasan biliya, tattabaru na ta guɗa a ciki. Odiel na zaune a gefe cikin baƙar kwat ɗin da ya sa ranar jana'izar matarsa, sandarsa tsakanin gwiwoyi, ba ya kallon kowa. Marleen ta sami kujera kusa da taga. Ta hango Firmin can ƙurya da kofin giya a gabansa, ko kurɓa bai yi ba.

Mai gwanjo ya buga gudumarsa, ya sa hannu a kwandon farko ya fito da Saje. Ya buɗe fiffiken a gaban fitila, ya karanto tseren da ya ci. Tsuntsun ya juya kai yana neman mai shi. Odiel ya sunkuyar da kai yana kallon takalmansa.

"Ɗari biyu."

"Ɗari uku."

"Ɗari biyar," in ji dogon mai agogo, ko ɗaga ido bai yi daga wayarsa ba.

"Ɗari biyar sau ɗaya. Ɗari biyar sau biyu."

"Dakata!"

Kujera ta faɗi. Firmin ne a tsaye, laktayensa ya karkace.

"Tayi za ka yi, Firmin?" in ji mai gwanjo.

"Da me zan yi tayi? Da maɓallin rigata?" Ya juya wajen Odiel, ya nuna shi da yatsa. "Kai, tsohon jaki! Don kada ka sa hannu a takarda ɗaya za ka bar wannan mutumin ya tafi da Saje a but ɗin mota? To buɗe kunnenka. Ni nan, Firmin Dewulf, shekarata shida a kan takardar talakawa. Shida! Da ita aka yi mini aikin zuciya, da ita nake sayen ƙwayoyin da ke riƙe da ni. Ga Marleen nan, na sake ta daga rantsuwa, ku tambaye ta."

Idanu suka juyo kan Marleen. Ta gyaɗa kai sau ɗaya.

Odiel ya ɗago a hankali. "Kai? Da wannan motar?"

"Motar! Me ya sa kake zato kullum wanke ta nake yi? Ruwa ya fi fetur araha."

Wani ya tuntsire da dariya ya yi sauri ya toshe baki. Sai tsohon maƙerin ƙauyen, wanda ke rubuta wa ƙungiya sakamakon tsere, ya yi gyaran murya daga inda yake zaune. "Ni shekara uku," ya ce da kofinsa. Na kusa da shi ya dube shi baki buɗe, ya ce, "Kai ma? Ni tun bara!" Na huɗu ya ɗaga hannu kamar ɗan makaranta. Na biyar ya tsaya yana kallon silin, sai matarsa ta zungure shi da gwiwar hannu ta ce, "Har da wannan, kada ku bari ya yi muku fuskar attajirai."

Tabɗi! Sai mashaya ta kece. Dattawan da suka shekara suna yi wa juna kallon hadarin kaji a kan maganar nan suka shiga nuna juna suna dariya har da hawaye. "Munafuki, ba kai ka ce gara ka ci ciyawa ba?" "Kai fa, da ka ce ɗanka na birnin Brussel ke aiko maka?" Zulma ta dafe kanta tana cewa shekara talatin tana ba maƙaryata giya ba ta sani ba.

Odiel bai yi dariya ba. Hawaye na bin kumatunsa yana shiga gashin baki, bai ko share ba. Ya dubi Firmin ya daɗe.

"Shekara shida kana zagin takardar nan a gabana."

"To in yabe ta ka gane ni?"

"Allah wadanka, Firmin."

"Na ji. Sa hannu."

Marleen ba ta jira a kira ta ba. Ta ratsa mutane ta shimfiɗa takardar a kan murfin kwando, ta miƙa masa biro. Ya sa tabarau ya karanta tun daga sama har ƙasa, jama'a na jira. Da ya zo wajen rantsuwa ya tsaya.

"An ce duk abin da nake samu. A watan Yuli na ci zomo ɗaya da buhun hatsi a tsere. Ba zan rantse a kan ƙarya ba."

"Ba a lissafa zomo, Baba Odiel."

"A rubuta."

Ta rubuta zomo ɗaya da buhun hatsi a gefen takarda. Sannan ya sa hannu, harafi bayan harafi, yana danna biro har sai da ya huda takardar.

"Kin tabbata za su yarda?" ya tambaye ta ƙasa-ƙasa.

"Shekara goma sha tara ban taɓa kai takarda mai ƙarfin wannan ba. Gobe da safe da kaina zan kai ta babban ofis."

Dogon mai agogo ya fara faɗa, wai ya yi tafiyar awa biyu, wai tayinsa na kan tebur. Mai gwanjo ya ɗaga kafaɗa ya ce guduma ba ta sauka ba, kaya na mai shi ne. Zulma ta ajiye wa baƙon kofi da yankan kek, ta ce ya ci kyauta ya kama hanya tun rana ba ta faɗi ba.

"To a mayar da kwandunan mota," in ji maƙeri.

"Wace mota?" Odiel ya dogara sanda ya miƙe. "Ku fito da su waje."

Aka jera kwandunan a kan titi gaban mashaya, duk jama'a suka fito da kofuna a hannu. Odiel ya karɓi Saje daga hannun mai gwanjo, ya kara shi a kumatunsa, ya ce da sauran su buɗe. Aka zare sakatu a tare. Fuuu! Tattabaru arba'in da shida suka tashi lokaci guda, iskar fikafikansu ta kaɗe hular wani, suka kewaya hasumiyar coci sau ɗaya suka miƙe yamma. Mutane suka ɗauki tafi da sowa. Marleen ta ji wani daɗi ya cika mata ƙirji har ta kasa tafin, ta rungume jakarta kawai. Tana cikin haka wata tsohuwa da ba ta taɓa zuwa ofishinta ba ta ja hannun rigarta, ta tambaya da ƙarfi, ba raɗa ba, ƙarfe nawa take buɗewa ranar Talata.

Sai ga Odiel ya dafe goshi.

"Kash! Na kulle ɗakin. Da safe na sa masa kwaɗo, na ce ba mai sake shiga. Za su isa su tarar da ƙofa a rufe."

Ya dubi ƙafarsa, ya dubi hanya. Ko ya isa, ya riga ya yi hawan yau. Ya laluba aljihun kwat ya fito da ɗan makulli ɗaure da zare. A shekara hamsin ba wani mai tattabara da ya taɓa taka tsanin nan, don abin da Odiel ke haɗa wa tsuntsayensa a garwar abinci shi ne sirrin da duk ƙungiya ke mafarkin gani. Ya juya makullin a tafin hannu, sannan ya cusa shi a hannun Firmin.

"Yi sauri ka buɗe musu ka sauko. In ka leƙa garwar nan zan sani."

"Zan leƙa," in ji Firmin.

"Na sani. Tafi mana, suna jira!"

Firmin ya cire laktaye ya cusa a aljihu, ya bar baƙar motarsa a inda take, ya kama gudu-gudu sauri-sauri ya bi lungun, makullin a dunƙule cikin hannunsa.